Mai Bandar Kifi da Buhun Tsakuwa

Tunda ka ce gyaran da kake so na yau-yau ne, zauna in ba ka misalin wata mata mai sana'ar bandar kifi. Ta gaji da zuwa bakin kogi tana rububin saye, sai ta haɗa gwiwa da ƙanenta suka gina tankuna biyu na siminti a bayan gida, suka zuba 'ya'yan tarwaɗa. Murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Kowa ya shigo gidan sai ta ja shi ya leƙa. Da damina ta kankama, ta juya indararon rufin kwano yana zuba cikin tankunan, tana cewa ga ruwan Allah kyauta. Ba a jima ba kifin suka daina cin abinci, suka taso sama suna haki, fatarsu ta yi yauƙi, wasu har ta fara saluɓewa. Ta kira malamin gona. Ya tsoma 'yar takardar gwaji, ta fito ja-ja. Ya ce ruwan ya yi tsami, domin ruwan sama salam yake, ba shi da gishirin ƙasa irin na ruwan rijiyarsu, wanda sabulu ke wahalar kumfa a ciki. Ya ba su shawarar su rataya buhun tsakuwar dutsen farar ƙasa a cikin ruwan don ta riƙa kashe tsamin a hankali, su riƙa ƙara ruwan rijiya kaɗan-kaɗan. Ya kuma ja kunnensu cewa kifi ya fi jure tsami a kan canjin farat ɗaya.

Ƙanen ya ce shi ba zai zuba ido ga tsakuwa ba alhali dukiya na mutuwa. Ya samo garin farar ƙasa mai zafi, irin ta shafen bango, ya juye a tanki ɗaya. Ruwan ya koma kamar nono, kafin la'asar kifin wannan tankin duk sun juya ciki sama. Ita kuwa ta share hawaye, ta kawar da indararon, ta rataya buhunta a ɗaya tankin. Kullum ta ɗebe ruwa kaɗan ta mayar da na rijiya, kullum ta leƙa ba ta ga komai ba, dutse yana nan dutsensa. Ƙanen ya bi ta da magana har ya gaji. Ran nan da hantsi ta watsa abinci kamar yadda ta saba, ba tare da sa rai ba. Sai ruwan ya dare. Tarwaɗa suka yo sama suna wawaso, wutsiya na dukan wutsiya, ruwa na fantsamo mata a fuska. Ta saki ƙwaryar abincin, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Zo ka gani, suna ci! Wallahi suna ci!" Haka ta riƙa kiran ƙanen, shi kuma ya fito ba ko takalmi, ya tsaya yana dariya yana jin kunya.

Da kaka ta yi, tarwaɗar da suka kwasa wata sai da hannu biyu ake riƙe ta, hayaƙin bandarta kuwa har bakin titi ake jin ƙanshinsa. To ka ji. Ba banza ba Hausawa suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.