Attajirin Injin Gyaɗa

Tun da Malami ya yi ritaya daga sashen Hausa na gidan rediyo, kicin ɗin matarsa Ɗija ya zama sabon ofishinsa. Ya ɗanɗana miya, ya ce gishiri ya yi yawa. Ya buɗe tukunya, ya ce a rage wuta. Mutumin da duniya ta saba saurare, yanzu ko jikokinsa a garin Upper Marlboro, can ƙasar waje inda suke zaune, da Turanci suke ba shi amsa. Abin yana cinsa a rai, Ɗija kuma ta sani.

Sai ya tono tsohon burinsa: injin ɓare gyaɗa mai aiki da fedar keke, domin matan garinsu Gumel. Zane kam yana da shi. Ƙarfe da kayan walda ne babu, fansho kuwa ba ta ɗaukar irin wannan wasa.

"Ko masu alkimiyya na da, da suka so mayar da dalma zinariya, sai da sarakuna suka ɗauki nauyinsu," in ji shi.

"To, ko ɗan kunne sun ƙera, Baban Aminat?" Ɗija ta tambaya tana tuƙa tuwo, awarwaronta na zinariya suna kacau-kacau. Gadon mahaifiyarta ne, ko wanka ba ta cire su.

Ba a jima ba Gafaru, mutumin Kumasi mai kantin kayan miya a garin Laurel da ke kusa da su, ya zo da albishir. Wani mai hali ya ji labarin injin, zai ɗauki nauyin komai. Sharaɗinsa dai kada a tambayi sunansa, kuma Malami ya duƙufa a gareji kullum daga hantsi har la'asar. Za a gwada injin gaban jama'a ranar walimar Sallah.

Malami ya shiga kicin yana tafiyar ƙasaita. "Kin gani ko? A waje an san darajata."

"Allah ya sanya alheri," ta ce.

Aiki ya kankama. Injin farko ya niƙe gyaɗar har da ɓawonta, Ɗija ta ce a ba ta ta yi ƙuli-ƙuli. Na biyu ya watsa ta har kan motar maƙwabciyarsu Debbie. Duk ƙarfen da ya lalace, Gafaru ya kawo sabo, ba ƙorafi. Abu ɗaya ne ya dami Malami: Ɗija ta koyi sanɗa. A da tun daga falo yake jin tahowarta da shayi, yanzu sai dai ya ganta a kansa cikin rigunanta masu dogon hannu, har ya taɓa buge yatsa da guduma.

Game da mai ɗaukar nauyin kuwa, zarginsa ya tsaya kan wani Alhaji mai tireloli a garin Manassas. Ya shiga gaishe shi har da rusunawa. Bawan Allah dai yana amsawa ne kawai.

Ranar walima Gafaru ya raɗa wa Malami cewa mai ɗaukar nauyin yana cikin taron. Malami ya dubi injin. In injin ya ƙi yau, shi ke nan, ya tabbata tsoho mai surutu a idon kowa. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya yi bismilla, ya hau keken ya taka. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, ya yi shiru. Sannan jar gyaɗa ta fara zubowa cikin ƙwarya tas, ɓawo na fita gefe guda.

Wuri ya ɗauki tafi. Malami ya sauko da ƙwalla a ido, ya nufi Alhajin Manassas da hannu biyu. Sai guɗa ta tashi a bayansa. Ɗija ce, ta kama hanci ta manta da kanta, hannun rigarta ya zame har gwiwar hannu.

Malami ya waiwaya, ya tsaya cak. Wuyan hannunta fayau yake, babu komai sai shatin da awarwaro suka bari a fata.

"Daina kallona haka, Baban Aminat," ta ce a hankali, tana janyo rigar. "Masu alkimiyyarka sun kasa. Ni na mayar da zinariya ƙarfe, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ce min gishiri ya yi yawa."