Mabuɗai Huɗu a Ƙofar Pantami

Da safiyar Litinin Bashira ta buga umarnin shiga babbar kwamfutar da ke reshen ɗakin gwajin jininsu na Pantami, sai ta ga kanta a ciki ba tare da an tambaye ta kalmar sirri ba.

Ta janye hannuwanta daga madannai. A cikin wannan kwamfutar ake ajiye sakamakon gwajin jinin kowa: mai ciwon suga, mai ciwon hanta, har da masu cutar da ko matansu ba su sani ba. Shekara goma sha ɗaya tana tsaron ta daga ofishinta na Manawashi, ba a taɓa shigar da ita haka ba.

Ta buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da mabuɗan da aka yarda su shiga kai tsaye. Ya kamata ta same shi wayam. Sai ga layuka huɗu, dogaye, haruffa da lambobi a cakuɗe, kowanne ya miƙe har ya ɓace a gefen allo. Rajistar shiga ta nuna duk daga wannan ofishin nata aka saka su, ɗaya bayan ɗaya cikin wata guda, kowanne da safe.

Mutum biyu ne suka san kalmar sirrin: ita da Nehemiah, abokin aikinta, mutumin Kaltungo mai 'ya'ya uku. Da bakinta ta kira Alhaji Babayo, mai wurin, ta gaya masa. Kafin ta ajiye waya ta yi nadama.

"Bayan azahar ina nan tafe," in ji Alhaji. "In ba ki kawo mini wani suna ba, Nehemiah ya tattara nasa ya nasa."

Nehemiah bai kare kansa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Ka yi magana mana! Ka ce ba kai ba ne!"

"Hajiya, ki bar shi kawai."

Wannan shirun ne ya fi tayar mata da hankali. Mutumin da ko biron ofis bai taɓa tafiya da shi gida ba.

Ta bi rajistar layi-layi, ta sake bi. Ta duba ko an sato hanyar intanet ɗinsu daga shagon ɗinki na maƙwabta. Ba ta ga komai ba. Ta kai hannu ga kofin shayinta, ta tarar da kofi biyu a kan teburin, duka cike, duka sun huce. Ta tura su gefe.

Ƙarfe sha ɗaya Goggo ta kira, tsohuwar da ta rene ta.

"Likitanki ya ce Laraba. *Taa yejjitu*, Bashira."

Tun tana 'yar firamare da wannan Fillancin Goggo ke raka ta bakin zaure: kada ki manta. Bashira ta amsa da to, tana tunanin tsufa ya fara taɓa baiwar Allah, don ita ba ta san wani likita ba.

Saura awa biyu. Ba ta da sunan da za ta ba Alhaji, amma wata dabara ta zo mata. Za ta ƙirƙiri sabon mabuɗi nata ita kaɗai, rabinsa ya zauna a kwamfutarta, rabinsa ta ɗora shi a ta Pantami. Daga nan ta rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, ta nuna wa Alhaji baƙin mabuɗan, ta goge su a gabansa. Idan ya ga ƙofar ta toshe, wataƙila ya haƙura ya bar bawan Allah da abincin 'ya'yansa. Ta ma yi mamakin yadda ba ta taɓa yin wannan tunanin ba, ga shi kalmar sirrin nan doguwa ce, kwanan nan sai ta leƙa takarda take iya buga ta.

Ta fara. Kwamfutar ta ce akwai wani mabuɗi mai wannan suna, a rubuta a kansa? Tarkacen shekarun baya ne, ta ce a ranta, ta amsa da e. Nehemiah ya matso bayanta. Leɓɓansa suna motsi, yana faɗin kowane mataki kafin yatsunta su kai gare shi.

A ƙarshen kowane mabuɗi akwai ɗan gurbin da mai shi ke rubuta alama don ya gane abinsa. Bashira ba ta tsaya tunani ba, ta rubuta abin da ya fara zuwa mata. Ta aika da shi Pantami. Ta fita, ta sake shiga, ƙofar ta buɗe.

Aka kira sallah a masallacin bayan layi. Ba a jima ba ta ji tsayuwar motar Alhaji.

Alhaji ya shigo. Domin ya ga komai a fili, ta canza yadda allon ke nuna fayil ɗin, yadda dogayen layukan za su naɗo ƙasa a ga ƙarshensu.

"Hajiya," in ji Nehemiah, "don Allah kada ki buɗe shi haka a gabansa. Na fi so a kore ni."

Amma ta riga ta danna. Layuka biyar suka bayyana, nata na yau da baƙin nan huɗu, kuma kowannensu ya ƙare da kalmomi iri ɗaya: *taa yejjitu, Bashira*.