Malamin da Ya Goge Muryar Marini

Zauna ka ji, tun da na ga kai ma yatsanka ba ya hutawa a kan waya. An yi wani malamin firamare da ya koma karatun digiri a fannin tarihi, aka ce ya rubuto tarihin marinar garinsu. Duk garin mutum ɗaya ya rage da ya san ta ciki da bai, wani tsohon marini da shuni ya rine masa hannu har ya ƙi fita. Malam ya yi zama uku da shi a bakin marina, waya tana ɗaukar murya. Tsoho ya zayyano masa wanda ya haƙa ramin farko, da fataken da ke zuwa sayen baƙin zane, har waƙar da mabuga ke yi in suna bugun zanen da aka rina ya rera masa, yana yi yana tari. Abin da ya rage kawai malam ya zauna ya kwashe maganar a takarda.

Ana nan sai wani abokin karatunsa ya nuna masa shafukan intanet da ake ɗibar littattafai kyauta, ba ko sisi. Tabɗi! Kamar akuya ta tarar da rumbu a buɗe. Bawan Allah ya rasa sukuni. Tarihin Masar, ya sauke. Zane-zanen mutanen Sin, ya sauke. Falsafar Girkawa, wadda ko a mafarki ba ta haɗa hanya da marina ba, ita ma ya sauke. A aji yana saukewa, a bayan ɗan acaɓa yana saukewa, tuwo ya huce a gabansa yana saukewa. Ko ɗaya bai wuce shafi biyu ba, da ya buɗe wannan sai zuciya ta ce akwai wanda ya fi shi a gaba. Gani yake gobe za a rufe shafukan a bar shi hannu rabbana. Ran nan waya ta ce ta cika. Ya goge hotunan biki, wuri bai samu ba. Ya duba ya ga muryar tsoho ce ta fi cin wuri. Sai ya ce a ransa, "Ai Baba yana nan, duk ran da na koma zai maimaita mini." Ya danna, ya goge.

Sati biyu yana cewa gobe zai je. Ran da ya je ɗin, ya tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, an kai tsoho makwancinsa tun jiya da hantsi. Ya zauna aka yi addu'a, ko gaisuwa ya kasa yi da kyau. Ya koma gida ya bi littattafan nan ɗari uku da ɗoriya ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko layi guda a kan marinar garinsu. Babu. Su kuwa littattafan har yau suna nan a intanet inda ya same su, ko jikansa ya zo zai tarar da su kyauta. Waƙar mabuga kuwa baiti ɗaya ya iya tunawa, shi ma rabi.

Ni ban ce kada ka ɗebi ilimin kyauta ba. Ɗebi, alheri ne. Amma ka san abin da zai jira ka da abin da ba zai jira ka ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.