Ɗakunan Malam Gide

Tun ranar da tifa ta juye yashi a filin da ke jikin katangarsa, Maharazu ya daina cin tuwo da daɗi.

Shi fa ya san gini. Shekara huɗu ke nan yana fama da nasa a bayan garin Ƙanƙara: bene, falo biyu, ɗaki bakwai. Rodi ya cinye masarar bara, siminti ya lashe shanu, har yau sama babu kwano. Shi da matarsa da yara suna cunkushe a ɗaki guda na ƙasa. Duk wanda ya kira shi daga ƙauye amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri, an kusa gamawa.

To shi wannan baƙon, Malam Gide, wai dillalin hatsi daga Sabuwa, me yake ginawa? Ƙananan ɗakuna goma sha biyu a jere kamar akurkin kaji, kowanne da ƙofar ƙarfe da 'yar taga. Ba falo, ba wurin ajiye mota.

Maharazu ya ja Barau, maginin da ke aikin, gefe. Barau ya ce shi ma ya faɗa wa Malam Gide gaskiya, ƙananan ɗakuna sun fi cin bulo da ƙofofi, da wannan kayan ai gida guda za a tsayar na gani na faɗa. Mutumin ya ƙi. Shi dai duk ɗakin da ya kai linta a rufa shi nan take.

"Haya zai zuba?"

"Na tambaya. Ya ce a'a."

Shi ke nan! A ƙasar da ake kwashe mutane daga gona a yi daji da su, wa ke buƙatar ɗaki goma sha biyu masu kwaɗo a bakin gari? Ga shi kullum Malam Gide yana kan waya ƙasa-ƙasa. Maharazu da kunnensa ya ji shi yana tambaya, "Yanzu su nawa ne?" Babur ɗinsa kuma hanyar Pauwa ta bakin daji yake bi, ya dawo buɗu-buɗu.

Tsoro ya kama Maharazu sosai. In maɓoyar 'yan bindiga ce, gidan mai bene za a fara ƙwanƙwasawa, 'ya'yansa za a fara ɗauka. Wa zai yarda ba shi da ko sisi?

Ya kai maganar gaban 'yan sintiri.

Ranar Talata da hantsi, a-kori-kura biyu lulluɓe da tamfol suka tsaya a ƙofar ginin. Kafin Malam Gide ya sauka daga babur an rufe shi da duka, an durƙusar da shi. Maharazu na gaba yana ihu, "Ku yaye! Wallahi mutane ne a ciki!"

Mutane ne kuwa. Tsofaffi, mata da goyo, tabarmi, tukwane, akuya biyu. Malam Gide, bakinsa na jini, ya ce ƙauye ne guda 'yan bindiga suka tasa. Ragowar dabbobinsu suka sayar suka damƙa mashi kuɗin ya gina masu ɗakuna, ya yi shiru don kar a tare su a hanya.

Aka kamo hannun wata tsohuwa ta sauko da ƙyar. Ta ɗaga kai ta dubi benen da babu rufi, sannan ta dubi Maharazu.

"Ce masu su sake shi ya nuna mani ɗakina," in ji mahaifiyar Maharazu. "Na gaji da jiran naka."