Tsumma a Hannun Ƙofa

Ga wani misali ga duk mai jinyar tsoho a gida. An yi wani dattijo, tsohon tela, wanda shanyewar ɓarin jiki ta karɓe wa hannun dama, ta bar masa na hagu da kuma girmansa. Ɗansa ya ɗauko shi ya sauke shi a ɗaki mai banɗaki a ciki, kusa da zaure. Likita ya ce tafiya ce rabin maganinsa, don haka duk rani, da hantsi ya yi, yakan dogara sanda ya fito wajen abokansa a sha hira. Da damina ta kankama sai ya daina fitowa. In an tambaye shi ya ce jiki ne. Abokan sukan leƙo su tsokane shi: "Malam, takaba ka shiga ne ba mu ji rasuwar ba?" Sai ya amsa daga kan gado, "Ku ci gaba da gulmarku, ina jin ku." Amma abinci ya soma dawowa yadda aka kai shi, ƙafar da ta fara ɗaukarsa kuma ta koma yin nauyi. Ɗan ya tsorata, ya sa ranar komawa asibiti.

Matar ɗan ce ke kai masa abinci. Tsakaninsu kunya ce irin ta surukai, gaisuwa a durƙushe, amsa a taƙaice. Ita ba ta iya tsare shi da tambaya, shi kuma ba zai kai mata kuka ba. Ran da aka tafi da shi asibiti ta shiga yin shara, sai ta ga tsumma ɗaure a hannun ƙofa ta ciki, da irin ƙullin da ake yi da hannu ɗaya da haƙori. Ta daɗe tana kallonsa. Ita kullum daga waje take zuwa, tire a hannu, ta sa kafaɗa ta tura ƙyauren, in za ta fita ta jawo masa shi da ƙarfi saboda sauro. Haka mijinta, haka kowa. Ba mai jan ƙofar nan daga ciki sai mai ɗakin. Ta rufe kanta a ciki, ta mai da hannun dama baya, ta ja da hagu. Ƙyauren bai ko motsa ba. Katakon ya sha danshi ya kumbura, ya cije.

Da ta samu ta buɗe da hannu biyu, sai ta ɗauko gawayi daga murhu ta goga a jikin katakon da ƙyauren ke shiga, ta rufe, ta buɗe. Baƙin gawayin ya fito a kusurwar ƙyauren ta sama da wani ɗan wuri kusa da ƙasa. Nan kawai ta bi da sanfefa, takardar goge katako, kaɗan-kaɗan, tana yi tana gwadawa, don ta san in rani ya dawo katako zai motse, kuma abin da aka kankare ba ya komawa. Ta goga kyandir a gefen. Ta ja da hagu, ya buɗe. Ta ja da yatsu biyu, ya buɗe. Ta share garin katakon, ta goge gawayin, ta bar tsumman a inda ta same shi. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Washegari da hantsi aka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a tsakar gida. Daga zaure wani ya ɗaga murya, "Takaba ta ƙare!" Ɗan yana ta yabon sabon maganin likita. Dattijon ya biyo ta ƙofar kicin, ya ajiye tsumman a ninke a kan turmi, ya ce, kamar da bango yake magana, "Wannan ya gama aikinsa. Allah ya yi albarka." Ta ce, "Amin, Baba," ba ta ɗago kai ba.

Kowa a gidan yana ƙaunar tsohon nan, amma mutum ɗaya ce ta shiga inda yake ta rufo ƙofa, ta ja da hannun da yake ja. Gaskiyar Hausawa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.