Ruwan Teku Don Delu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kafa doka a Gaɓar Lu'ulu'u cewa ɗan gari ba ya taka rairayin bakin teku sai da rigar aiki. Wurin ya zama na baƙi masu yawon buɗe ido. Masunta kuwa an kwashe su zuwa bayan katanga, inda ko ƙugin ruwa ba a ji.

Wata Talata da hantsi, Delu, da ta yi wata huɗu a kwance, ta ce wa mijinta Tanimu, "Malam, ɗebo mini ruwan teku in shafa a fuska."

Tanimu ya ɗauki kwalba ya fita. A ƙofar shiga ya tarar da Mati, wanda suka yi shekara ashirin a kwalekwale ɗaya, yanzu shi ne mai gadi.

"Ka san doka," in ji Mati, yana kau da kai. "Sai dai ka shiga cikin masu yi wa baƙi wasan kamun kifi."

Aka ba shi malfa da tsohuwar koma. Ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana jefa ta, baƙi na ɗaukar hoto. Wata daga cikinsu ta ce ya yi murmushi, ya yi. Sai da la'asar ya samu ya cika kwalbar.

Delu ta shafa, ta lashi leɓenta.

"Babu gishiri, Malam."

"An tace shi. Wai yana yi wa baƙi zafi a ido."

Ta miƙa masa kwalbar, ta juya fuskarta bango.

"To, zuba wa kaji."