Murya a Cikin Durowa

Zauna ka ji, tunda kai ma bakinka ya iya cewa "ai tana gida."

An yi wata mata mai ɗaukar muryar tallan rediyo. Ba ta da situdiyo sai durowar kayanta. Takan shige tsakanin atamfofi ta ja ƙofa, don tufafi na shanye hayaniya. Wata Asabar kamfanin man girki suka ce ta turo talla kafin la'asar, in ba haka ba su ba wata. Ɗanta kuwa yana haƙori, ba ya yarda a ajiye shi. Ta roƙi maigidanta, wanda ke miƙe yana kallon ƙwallo, ya riƙe mata shi. Ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Ko rabin talla ba ta kai ba sai ƙofar durowa ta buɗe. Ya dangwara mata yaron a cinya, ya ce da muryarsa ta manyan ofis, "Hajiya, ke yake nema. Magana ce fa kawai kike yi, ba dutse kike fasawa ba."

Ranta ya ɓaci har kunnuwanta suka yi zafi. Ta sa yaron a nono, ta haɗiye tsaki, ta lanƙwasa murya kamar mai rabon alawa: "Man girki mai sanyaya zuciyar uwargida." Yaro ya cije ta. Ta sake. Ya fizge makirufo. Ta sake. Ana kiran la'asar ta tura na ƙarshe ba ta ko saurara ba. Abin da kamfani suka ji shi ne murya mai zuma, ƙarƙashinta tsotso, sai gyatsa, sai ihun maigida daga falo an zura ƙwallo. Suka ba wata aikin. Yaron ma bai ƙoshi ba.

Da ta gaya wa maigidan, cewa ya yi, "To ai da kin tsara lokacinki." Ta mayar da tallan nan ƙarar kiran wayarsa, ran Litinin ta yi ta kira yana tsaka da bayani gaban ogansa. Ya dawo yana huci, wai wa zai iya aiki da wannan a kunne? Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "A to, Alhaji."

Da ma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.